Yatsu Uku a Kan Burodi

Ranar Litinin ce, farkon zafi. Na tashi ƙarfe biyar da rabi na ɗora ruwa. Inna tana tsakar gida tana cuɗa kwaɓin burodi. Baba ya dawo daga masallaci yana tarinsa na kullum, ya zauna bakin ƙofa da wuƙa da jar fatar akuya. Ta bayan bango ina jin Rubina tana yi wa 'yarta Zula faɗa a kan takalmi. Ba ta fashin wannan faɗan. Shekarata goma sha takwas, kuma babban abin da ya dame ni a safiyar shi ne ƙurjin da ya fito mini a haɓa.

A tsohon birnin Tarabulus muke, ƙasar Libiya, a lungu na ƙarshe kafin a shiga Hara, unguwar Yahudawa. Yau a Plumstead nake rubutu, a ɗakin da ɗana ya ware mini, jirgin ƙasa yana wucewa ta bayan taga. Jikokina sun ɗauka a Kano aka haife ni. Ban taɓa gyara musu ba.

Baba Bakano ne, baduku. Ya bi masu fata ya haye sahara yana saurayi, ya ce shekara ɗaya zai yi, ya yi talatin. A can ya auri Inna, Bahaushiyar da aka haifa a Tarabulus. Maƙwabcinmu Halafo, mijin Rubina, Bayahude ne, maƙerin azurfa. Baba ya ɗinka kube da gidan laya, Halafo ya sa musu bakin azurfa. Shekara ashirin suna gardama a kan wanda aikinsa ke sayar da na ɗan'uwansa.

Ranar Asabar ba sa taɓa wuta, ni nake shiga in kunna musu. In azumi ya zo Halafo ba ya shan taba a waje. In suka gama idinsu na kwana takwas, wanda ba sa cin abin da ya kumbura, Inna ce ke aika musu burodin farko. Amma kada wani ya ce aljanna muke ciki. Yaran lungu suna jifan Zula in ta dawo daga makaranta. Mu ma in faɗa ya haɗa mu da wani, bayi ake kiran mu. Ƙanin Halafo an kashe shi a wata tarzoma kafin a haife ni, kuma ba a ambatonsa.

Babu mai gasa burodi a gida. Tanderu ɗaya ne a unguwar, na Alhaji Miftahu. Kowace mace ta cuɗa nata, ta jera a katako, a ɗauka a ka a kai masa. Don kada a cakuɗa, kowane gida da alamarsa. Tamu tsaga ɗaya ce da wuƙa. Ta Rubina yatsu uku ne a jere, a danna a tsakiya. Matan unguwa sun san alamar kowa kamar yadda suka san muryarsa. Mu burodi shida muke kaiwa kullum, biyu na kowa.

Wajen ƙarfe tara rediyon mai shayi ya daina kiɗa. Aka ce yaƙi ya ɓarke tsakanin Masar da Isra'ila. Ƙarfe goma na ji ana saukar da ƙofofin kantuna, ɗaya bayan ɗaya, ƙarar ƙarfe tana gangarowa daga kasuwa. Ƙarfe sha ɗaya hayaƙi ya tashi ta wajen sabon gari. Bayan haka sai ihu. Daga nesa kamar filin ƙwallo. Da ya matso sai aka fara rarrabe kalmomin.

Sha biyu da rabi warin fetur ya shigo lungunmu. Baba ya ajiye wuƙa, ya ɗauki tsani, ya hau soro. Ya dawo da mutum uku. Halafo hannun rigarsa ya ƙone, an cinna wa shagonsa wuta yana ciki. Rubina tana riƙe da tukunyar da babu komai a ciki. Zula takalmi ɗaya ne a ƙafarta. Baba ya shigar da su ɗakin fata, mai warin bagaruwa, wanda ba shi da taga.

Da la'asar ya fita ya garƙama kwaɗo a ƙofar gidansu ta waje. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce motar 'yan sanda ta kwashe su zuwa sansanin bayan gari. Ana kwasar Yahudawa zuwa can, don haka ƙaryar ta zauna. Halafo ne ya ƙi bin motar. An ce masu kaki sun ɗauki wani iyali gaba ɗaya, ba su isa ko'ina ba. Ya ce zai jira ƙura ta lafa.

Mun yi hankali. Wannan ina so a sani, domin shi ne ke cina har yau. Ba mu shanya tufafinsu a soro ba. Takalmansu muka tura ƙarƙashin fatu. In Halafo zai yi tari, Baba sai ya riga shi. Ruwa ni nake ƙarowa daga famfon masallaci, don kada Salim mai ruwa ya ga tulunmu yana saurin ƙarewa. Burodi kuwa Inna ba ta ƙara ko ɗaya ba. Shida ɗin nan dai, sai ta ƙara musu girma, ya zama ɗaya na kowa.

Talata aka ƙona gidaje biyu a Hara. Laraba shiru, sai motocin soja. Alhamis aka fasa kwaɗon gidan Halafo. Muna ji ta bango ana jan gado, ana fasa tangaran. Rubina ta san kowane kwano da ƙararsa. Ta cusa gefen mayafinta a baki. Zula ta kama hannuna har farcenta ya shiga.

Juma'a da safe Inna ta tashi da ciwon wuyan hannu. Rubina ta fito daga ɗakin fata ta karɓi kwaɓin. Ta ce kwana huɗu tana cin na mutane tana zaune, hannunta ya fara mutuwa. Kowace Juma'a ta Allah takan cuɗa burodin Asabar. Inna ta ji tausayinta ta bar mata.

Ina tsaye a kanta. Ta cuɗa, ta gutsuri ɗan kwaɓi ta jefa a garwashi tana motsa baki, yadda suke yi. Ta mulmula guda shida. Ta danna yatsu uku a kan kowanne. Ta rufe da ƙyalle. Na gani. Wallahi na gani. Sau dubu na ga hannun nan yana yin haka, shi ya sa ido ya gani kai bai ɗauka ba. Sabo turken wawa. Na ɗora katakon a ka na fita.

Ƙarfe goma da kwata na isa tanderu. Layin ya yi tsawo, har da maza, don mata da yawa sun daina fita. Da aka zo kaina Alhaji Miftahu ya yaye ƙyallen. Ya tsaya. Bai dube ni ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan na farko ya danne. Ya danne na biyu. Bai kai ga na uku ba.

A bayana akwai Hajiya Mabruka, tsohuwa mai nauyin kunne, wadda ba ta iya magana a hankali ba. Rubina ce ke yi mata tausar ƙafa da man zaitun. Ta leƙo, fuskarta ta washe.

"Alhamdu lillahi! Ashe Rubina tana nan!"

Da farin ciki ta faɗa. Ban taɓa iya jin haushinta ba, na gwada.

Layin ya yi tsit. Ina jin itace yana fashewa a cikin wuta. Alhaji Miftahu ya ce yarinyar ce ta kwaikwayi hannun maƙwabciyarta, yaran yanzu ba su da aiki. Babu wanda ya yi dariya. Maza biyu suka fita daga layi ba su karɓi burodinsu ba. Ya jawo katakona ciki, ya yi ƙasa da murya.

"Tafi gida. Kada ki yi gudu."

Sha ɗaya saura ashirin na gaya wa Baba a zaure. Ya saurara har na gama. Bai zage ni ba, kuma na fi son da ya zage ni. Ya ce kada in gaya wa Rubina dalili, ko yau ko gobe. Ya tafi ofishin 'yan sanda. Suka ce babu mota sai Asabar. Ya biya ta tanderu ya dawo da shawara: in an shiga huɗuba lunguna za su zama wayam, sai mu bi ta kan soraye zuwa ɗakin itacen Alhaji Miftahu. Ranar ce kaɗai na ga Baba bai je Juma'a ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka hau. Tsakanin soronmu da na gaba akwai lungu, faɗinsa bai fi tsawon mutum ba. Baba ya shimfiɗa tsani a kai. Zula ta haye da rarrafe. Rubina ta bi ta. Sai Inna, sai ni. Halafo mutum ne mai jiki, kuma gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa. Ya ɗora hannu biyu, tsanin ya yi ƙara, matakala ɗaya ta karye ta faɗa ƙasa. Ya ja da baya. Baba ya ce mu ci gaba, zai nemo katako a ƙasa ya ɗaura.

Masu tarzomar ba su jira an idar da salla ba. Biyu saura kwata muka ji su a bakin lungu. Ba gudu suke ba, tafiya suke, ƙarafa suna jan ƙasa. Muna soro na biyu muka kwanta bayan tankin ruwa.

"Fito da su!"

Na ji an buɗe ƙaramar tagar ƙofa. Na ji muryar Baba, da Larabcinsa na Kano da yara ke kwaikwaya.

"Babu kowa a gidan nan sai baƙina."

"Matsa, bawa!"

Aka fara dukan ƙofa. Na ƙirga. A na goma sha ɗaya ta faɗi. Na miƙe. Inna ta damƙi gashina ta mayar da ni ƙasa.

"Kada ki waiwaya. Tafi."

Muka tafi. Soro bakwai ne. Sumintin yana ƙona tafin hannu. A na uku wata mata tana shanya, ta gan mu ta juya baya ta ci gaba da shanyarta. A na biyar wata da ban san sunanta ba ta cire fararen mayafai biyu daga igiya, irin waɗanda matan Tarabulus ke lulluɓa da su ido ɗaya a waje. Ta jefa wa Rubina da Zula, ta shige ɗaki ta rufe. A na shida warin ya same mu. Fata in tana ƙonewa ba ta kama da komai. Duk wanda ya tashi a gidan baduku ya san shi.

Biyu da rabi muka sauka ɗakin itace ta wata kafa a rufi. Bango ɗaya ne tsakaninmu da wutar tanderu. Gumi ya jiƙa mu nan take. A kan wani kanta na ga katakonmu. Alhaji Miftahu ya gasa burodin. Biyu sun fito a baje, inda ya danne. Huɗu kuwa yatsu ukun sun fito raɗau, wuta ta ƙara musu zurfi. Kafin idon Rubina ya saba da duhu na kife su duka.

Ta zauna a kan itace. Ta ce wa ya tona mu. Na ce ban sani ba. Sai ta ce Salim mai ruwa ne, shi ke shiga kowane gida yana leƙe-leƙe. Ta tsine masa da harshensu da namu. Zula ta ce amin. Ni ina zaune bakina a rufe. Inna ta dubi burodin da ke kife, ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

Ƙarfe huɗu Alhaji Miftahu ya fita. Biyar saura ya dawo da hular Baba a hannu. Ya ce Baba a bakin ƙofa aka same shi, Halafo a tsakar gida, kusa da murhu. Gidan ya ƙone har rufi. Rubina ta buɗe baki za ta yi kururuwa, Inna ta toshe mata da hannunta mai ciwo. Akwai mutane a layi a bayan bango. Haka matan nan biyu suka yi kukan mazajensu, kowace tana riƙe da bakin 'yar'uwarta.

Kafin magariba Alhaji Miftahu da mutum uku suka binne Baba. Ba mu je ba. Halafo motar soja ta ɗauke shi. Ban san inda aka kai shi ba.

Asabar ƙarfe bakwai na safe mota ta tsaya a ƙofar tanderu. Alhaji Miftahu ya nemo wani hafsa da ya sani, ya sa shi ya rantse. Rubina tun da aka haife ta ba ta taɓa hawa mota ranar Asabar ba. Ta tsaya tana kallon tayar. Inna ta ce in ƙunsa musu burodi. Na zaɓi biyun nan da aka danne.

"Hau! Hau!"

Suka hau. Zula ta juyo, ido ɗaya a waje. Aka saki tamfol ɗin motar. Daga baya muka ji an kwashe Yahudawan duka zuwa Italiya, kowa da akwati ɗaya. Su ko akwatin ba su da shi.

Mu ma zama ya ƙare mana. A lungu an riga an sa mana suna: bayin Yahudawa. Alhaji Miftahu ya fitar da mu a keken doki, ƙarƙashin buhunan gari, zuwa wurin wata 'yar'uwar Inna a bayan gari. Kwana goma muka yi. Daga nan motar kaya zuwa Sabha. Muka jira wata motar mako biyu a gindin bango. Sai sahara, a tsakiyar zafi. Mota ta kafe sau huɗu. Wani tsoho ya rasu a kusa da ni, kansa a kafaɗata, aka haƙa masa kabari da farantin cin abinci. Agadas, Damagaram, sannan Kano, garin da Baba ke ba mu labari, wanda ni da Inna ba mu taɓa gani ba.

Duk tafiyar nan Inna sau ɗaya ta yi maganar. A bakin wata rijiya ne, tana wanke hannu. Ta ce, "Ni ya kamata in cuɗa." Na ce ni na ɗauka na kai. Ba mu sake ba. Ta yi shekara biyu a Kano ta rasu.

Sauran rayuwata ba ta da wani labari. Na yi aure, maigidana ya zo London karatun likita, muka zauna. Na haifi huɗu, na binne maigidan. Burodi a leda nake saya.

Bara da sanyi matar ɗana ta kai ni asibitin ido a Marylebone. Ta ce, "Hajiya, ki zauna nan, bari in je in yi check ko an yi cancel." Tana tashi na ji wani tsoho a kujerar gefe yana waya da Larabcin Tarabulus. Ba na littafi ba, na lungu. Da ya gama na gaishe shi. Ya dube ni kamar ya ga fatalwa. Ɗan Hara ne, ta Roma ya biyo ya zo nan. Na ce ko ya san Zula 'yar Halafo maƙeri. Ya ce zai tambaya.

Bayan mako uku ya kira. Rubina ta daɗe da rasuwa. Zula kuwa shekara biyu ke nan da rasuwarta, a Roma, ta bar 'ya'ya da jikoki. Ya ce sun san labarinmu. Kowace shekara tana gaya musu cewa wani baƙin baduku ya mutu a bakin ƙofarsa saboda su, kuma mai ruwan unguwa ne ya sayar da su. Ya ce ko ina da saƙo. Na ce ya ba ni lokaci.

Ga saƙon. Baba ya ce kada in gaya wa Rubina, kuma ban gaya mata ba. Ta mutu ba ta sani ba, na gode wa Allah da wannan. Amma Salim mai ruwa bai yi komai ba. Mutum ne mai ƙusumbi da jaki ɗaya, yana ba mu ruwa kyauta ranar Juma'a. Fiye da shekara hamsin ana tsine masa a wani gari da bai taɓa jin sunansa ba, ni kuma ina da baki. A daina.

Burodi shida na kai tanderu ranar, ɗaya na kowa. Biyu sun hau mota da Rubina da Zula. Biyu ni da Inna muka ci a ƙarƙashin buhunan gari. Biyu muka bari a kan kantan Alhaji Miftahu, a kife, yadda na ajiye su.